Shafin da Ke Fara Buɗewa

Duk kwamfutar da mai gyara ya taɓa, sai ya saita ta yadda shafin tallar ɗinkin masoyiyarsa zai fara buɗewa in an shiga intanet.

Ran nan ta zo shagonsa, ta ƙi zama.

"Yaya, ka daina sa shafina. Aure zan yi."

Ya ɗago a hankali. "Da wa?"

"Mai kantin magani." Ta sunkuyar da kai. "A kwamfutarsa ya fara ganina."

Ya tuna kwamfutar sarai. Shi ya kai masa ita har kanti.

"Ashe na iya aiki," ya ce.

Da ta fita, ya goge adireshin shafinta daga kwamfutar da ke gabansa. Har ya rufe shago bai rubuta wani a gurbin ba.