Ba Mu Kwana Gidan Wasu

Saura kwana biyu jirginmu ya tashi, ban san inda ɗiyata take ba.

Shekara bakwai a Ingila ina hana ta kwana gidan ƙawayenta. Tana kuka, ina cewa, "Mu Hausawa ba mu kwana gidan wasu."

Ranar da muka sauka Wurno hutu, gwaggona ta ja hannunta suka fice. Na bi sawu, aka ce tana Dinawa wurin kawu. A Dinawa aka ce an wuce da ita suna Goronyo.

Na zube gaban innata, hawaye sharkaf.

Ta ce, "Kukan mi kike, ɗiyar nan? Ke da na aika ki kwana ɗaya gidan gwaggonki, ba sai ranar aurenki muka karɓo ki ba?"