Soda Ai Soda Ce

Lokacin da Malam Labaran ya diro daga keke mai ƙafa uku a ƙofar asibiti, an riga an naɗe wa Chinonye idanu da bandeji. Tana kwance, ta yi kuka har ta gaji ta yi shiru. Fatar kumatunta ta saɓule kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

Chinonye ɗalibarsa ce a aji shida, a wata firamare da ke unguwar Kabong inda yake koyar da kimiyya. Ita ce mai zama a bencin gaba, mai tambayar da ba ta ƙarewa, har ya laƙaba mata suna Barista.

Mahaifiyarta, Josephine, tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, ƙafa ba takalmi. Sabulu take haɗawa a gida tana kaiwa kasuwa. Ba ta tashi ba, ba ta kuma yi masa ihu ba.

"Ankul, ka zo?" ta ce da irin Hausarta, ta kira shi yadda yara ke kiransa a makaranta. "Yarinya ya ce kai ne ka ba shi aiki."

Malam Labaran ya matsa kusa da gadon.

Jiya Juma'a ce, darasin ƙarshe. Littafin kimiyya ya kawo wani gwaji: a zuba soda a gora, a matsa lemon tsami, a ɗaura balan-balan a bakin gorar, sai a ga ya kumbura da kansa. Sodar da ake nufi ita ce wadda mata ke sa wa a kek da cincin. Malam Labaran bai san haka ba, don shi kansa bai taɓa yin gwajin ba. Shekara da shekaru da baki da alli yake koyar da kimiyya: ya kwafe a allo, yara su kwafe a littafi, a tashi. Ranar ma hankalinsa yana kan shagonsa na cajin waya a Tudun Wada.

"Kowa ya je ya gwada a gida," ya ce yana karkaɗe hannu. "Ranar Litinin zan ba da maki."

Chinonye ta ɗaga hannu. "Ankul, wace soda?"

"Barista, an fara ke nan? Soda ai soda ce. Ba ku da ita a gida?"

"Muna da buhu guda."

"To kin ma fi kowa sa'a."

Aji ya kwashe da dariya, shi kuma ya ɗauki jakarsa ya fita.

Yanzu ga shi tsaye a gaban gadonta, Josephine tana ba shi labari, muryarta ba hawa ba sauka. Da safe ta fita sayo manja. Yarinyar ta taka kujera, ta sauko da sodar sabulu daga saman kabad, wadda ita Josephine ba ta taɓawa sai da safar hannu. Ta ɗura a gora, ta matsa lemo, ta ƙara ruwa. Gorar ta ɗauki zafi, amma balan-balan bai motsa ba. Sai ta cire shi, ta jijjiga gorar, ta leƙa ciki.

"Kullum ina gaya masa, wannan abu wuta ne, kar ka taɓa," in ji Josephine. "Tun yana ƙarami bai taɓa ba. Amma yau Ankul ne ya ce."

Likita ta shigo, ta dubi Malam Labaran. "Kai ne mahaifin?"

"Malaminta ne."

Likitar ta juya wajen uwar ta sassauta murya. Idon hagu ya tafi. Na dama za a ci gaba da wankewa, sai an kwance bandeji za a san abin da ya rage.

Josephine ta gyaɗa kai kamar an gaya mata kuɗin mota. Malam Labaran ya jira ya ji wani abu ya tsinke a ƙirjinsa, bai ji komai ba. Idonsa kawai ya kafe a kan 'yar silifa ƙafa ɗaya da ke ƙarƙashin gadon.

"Ankul?" Chinonye ce, ta juyo da fuska inda take zaton yake, ta ɗan kauce masa. "Bai kumbura ba fa. Na bi duk yadda ka ce. A ina na yi kuskure?"

"Ba ki yi kuskure ba."

"Za ka ba ni sifili?"

"A'a."

"To ranar Litinin ka nuna mana yadda ake yi. Ina so in gani."

Ya fito baranda ya zauna a benci. Mutane suna wucewa da kulolin abinci, wani yana waya yana dariya. Bai san iya zaman da ya yi ba, sai ya ga takalman makaniki, sun yi baƙi ƙirin da baƙin mai, sun tsaya a gabansa. Ya ɗaga kai. Bai taɓa ganin mutumin ba.

"An ce kai ne mai koya wa 'yan aji shida kimiyya."

"Ni ne."

"Ni ne baban Lukuman, ɗan ajinka. Taso, oga. Yana ɗakin can, ka zo ka ga abin da soda ta yi wa hannuwansa."

Jama'a, maganar malami doka ce a kunnen yaro, takan ma rinjayi gargaɗin uwa. Malami, kada ka tura yara su gwada a gida abin da kai ba ka gwada da hannunka ba, kuma idan yaro ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka je ka bincika.