Mariƙin Tagulla

Gwana ta shafa mariƙin ƙofar kicin, ta gyaɗa kai. Shekara talatin tana zana kayan ƙawata gida, hannunta ya fi idonta gane aiki mai kyau. Wannan kam ba na ƴan koyo ba ne, tagulla ce aka lanƙwasa kamar ganye.

Matar gidan, wata matashiya mai kumburarrun idanu, tana biye da ita. Gwana ta saba da irinsu. Su kira ka duba musu gida, sannan su tsaya a kanka kamar za ka saci cokali.

Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Ko makunnin fitila ba ta lalube ba, yana daidai inda hannu zai faɗa.

Sai dai tun daga falo wani abu ya tsaya mata a rai. Teburin ba shi da kusurwa ko ɗaya. Kofunan shayi masu kunne biyu ne, ta saki ɗaya da gangan, bai fashe ba. Agogon bango har ranar mako yake nunawa da manyan haruffa. Sandar rataya tawul ta banɗaki kuwa, da ta ja ta da ƙarfi, ta ji za ta ɗauki nauyin ƙato.

A kicin abin ya ƙara muni. Murhun gas ba ya kamawa sai da mabuɗi. Ma'ajiyar wuƙaƙe, kyakkyawa kamar akwatin sarƙa, a kulle take gam.

Ta nufi ƙofar fita, ta murɗa mariƙin. Ya juya sumul, ya sake juyawa, ƙofa ko gezau. Ta gane dabarar nan take: daga waje kawai yake buɗewa, na ciki ado ne.

"Wa kuke tsarewa a gidan nan?" in ji Gwana.

"Ki zo ki zauna, kin gaji," matashiyar ta ce a hankali.

"Ba zan zauna ba. Duk wanda ya zana kayan nan ba shi da imani, kurkuku ya yi wa kwalliya. Buɗe min in tafi, yarinyata na can gida tana jirana."

Matashiyar ba ta motsa ba. Gwana ta buga ƙofar har tafinta ya yi ja. Faɗa ya koma magiya, magiya ta koma kuka, don tsoro ya gama kama ta.

Matashiyar ta damƙe mabuɗi a cikin aljihunta, hawaye na bin fuskarta.

"Mama, ni ce yarinyar taki, nan ne gidanki, ke kika zana kayan nan duka, satin da likita ya ce ciwon mantuwarki ba zai tsaya ba, kuma ke kika sa na rantse ba zan buɗe miki ba ko kin yi kuka."