Fartanyar Kaka a Bangon Kasuwa

Ana yaye ƙyallen da ya rufe bangon kasuwa, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Yarinyar da ta yi zanen bangon ta damƙe hannun kakarta. Gonar gidansu ta zamanin baya ce ta zana, Kaka a tsakiyar maza riƙe da fartanya. Amma tun kafin ranar bikin, shugaban kwamitin kasuwa ya ce atafau: "Mace da noma? Ba ta kwanon abinci, yarinya, ko mu shafe bangon duka."

Ta zana mata kwanon a wurin fartanyar.

Kaka ta leƙo daga ƙarƙashin laima, ta taɓe baki. "Ke 'yar nan, yaushe na zama 'yar aike?"

"Ɗan jira, Kaka."

Shugaba na tsaka da jawabi, kwanon ya fara dalalowa fari-fari, don da alli yarinyar ta zana shi a kan fentin. Ƙota ta bayyana, sannan fartanyar gaba ɗaya. Matan kasuwa suka kaure da shewa.

Kaka ta ture laimar, ta ɗaga tafukan hannunta da suka yi kanta.

"Ku ce masa ya zo ya goge waɗannan ma!"