Barkonon Bayan Randa

Matso ka ji wani misali, kai da kullum kake cewa ɗan abu kaɗan ba ya kawo ɓarna.

An yi wani dattijo mai lambu a bakin fadama, shi da matarsa, sun tsufa tare har sun fara kama da juna. Sana'arsa renon dashe. Yana da wata doguwar rumfa da ya lulluɓe da farar leda da raga, a ciki yake tayar da tumatir da tattasai tun suna ƙwaya har su isa dasawa, manoman rani su zo su ɗiba. Duk yankin an san dashensa ba ya ba da kunya, kuma ba wani asiri ba ne, tsabta ce kawai. Kowace shekara, da damina ta ja jiki, sai su kwashe rumfar kaf. Tsohon ganye da saiwa a tara a ƙone. Ƙasar reno a baza ta a rana, a rufe da leda har ta gasu. Tukwane da farantan shuka a dirje su da sabulu, a jiƙa a ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, a kife su bushe. Shi ya hau tsani yana wanke leda da raga, ita tana ƙasa tana kankare gansakuka, tana yi masa tsiya wai tsoho da hawan tsani sai ka ce ɗan akuya. Ko wuƙarsa ta yankan reshe ba ta tsira daga wanki.

To, a wata shekara tsohuwar ta yi doguwar jinya, har dattijon ya fara cire rai. Da ta soma samun sauƙi, sai ya riƙa kawo ta rumfa ta zauna a kan tabarma tana shan ɗumi. A nan ta tura ƙwayar barkono a wata tsohuwar tukunya da yatsanta, don dai hannu ya sami abin yi. Barkono ya tsiro, ita kuma ta miƙe. Bawan Allah nan sai ya ɗauki son duniya ya ɗora wa barkonon. In ya dube shi, lafiyar matarsa yake gani. Da lokacin wanki ya zagayo, ta ɗaga ganyen ta ga waɗansu fararen ƙwari ƙanana maƙale a ƙarƙashi, ta ce, "Malam, wannan ma a fitar da shi a ƙone." Ya ce to. Amma ina! Hannunsa ya ƙi. Tana juya baya ya tura tukunyar bayan randar ban ruwa, ya ce a ransa, tushe ɗaya tal a lungu, me zai yi wa rumfa guda da aka wanke tas?

Kai, son zuciya ma iri-iri ne, har da na ƙauna. Aka shuka sabon iri, ya fito kore shar, gwanin sha'awa. Mako uku ba su cika ba sai layin da ke kusa da randa ya fara nannaɗe ganye yana yin ɗorawa. Kafin a ankara ciwo ya bi layi-layi har bakin ƙofa, in ka taɓa tsiro sai fararen ƙwari su tashi kamar an busa gari. Ga manoma sun gama gyaran fadama, sun ja kwamai inda za su yi dashe, shi kaɗai suke jira. Da suka zo, dattijon ya tsaya a ƙofar rumfa ya hana kowa ɗaukar ko tushe ɗaya, ya ce gara su tafi hannu wofi su nema a wani wuri da ya sa musu cuta a gona. Suka juya suka tafi. Shekara talatin bai taɓa mayar da manomi haka ba.

Tsohuwar ta shiga rumfar. Ta bi layin da ciwon ya faro, ta leƙa bayan randa, sai ga barkonon nan nata a tukunya, ganye duk ya ƙanƙance. Ta daɗe tana kallonsa, ta juyo ta kalli mijinta da ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da hannu a tukunyar miya. Dariya ta zo mata, hawaye ma suka zo, don ta gane sarai abin da ya hana shi. Ta ce, "Haba Malam! Ni ce na warke, ba barkono ba. In lafiyata kake son gani, ai ga ni a gabanka." Da hannunta ta tuge shi ta jefa a wuta, sannan ta miƙa wa dattijon soso da bokiti, ta riƙe masa tsani. Suka sake wanke rumfar tun daga farko, wannan karon har randar sai da aka fitar aka dirje gindinta. Dashen shekarar dai ya tafi, sai na baɗi.

Ka ga, wankin mutum biyu na kwana bakwai, tukunya guda ta rushe shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, wake ɗaya shi ke ɓata gari.