Yanzu Zan Dawo

"Danna nan ki kashe, shi ke nan," in ji Yaya, yana nuna mini allon sarrafa shafin shagonmu na intanet. Marigayi mijina ne mai kula da shi, ni yau na fara koyo.

Masu sayayya sun yi ta ƙorafi. Duk wanda ya aiko imel, amsar da mijina ya saita ranar tafiyarsa asibiti yake samu.

"Yaya, daina cewa kashe. Ɗan ba ni wuri."

Yana fita na ɗauki wayata na tura saƙo zuwa imel ɗin shagon, "Maigida, kana ina?"

Nan take ta yi ƙara.

"A yi haƙuri, na ɗan fita ne. Yanzu zan dawo."