Shayin Farko da Aka Zubar

Alhaji Chaïbou ya wurga butar shayin, ta fashe a goshin Mista Lin. Jini ya wanke wa tsohon fuska, Mista Lin ya zube cikin fasassun kofuna.

"Baba, ka bari!" Kader ya riƙe mahaifinsa, shi ma ya sha mari.

"Sake ni! Na rufe shagona a garin Wendover, na zo nema maka auren 'yarsa. Ya haɗa shayi, ya tsiyayar da na farko a tire, a kan idona, har da murmushi! A Damagaram shayin farko na babban baƙo ne. In ba ya yi da mu, ba sai ya faɗa ba?"

Alhaji ya ƙara wa tsohon shuri a haƙarƙari.

Yun, yarinyar da ake nema, ta fito a guje daga kicin, ta danne goshin mahaifinta da tawul. Sai idonta ya faɗa kan wani jan gwangwani a ƙasa, ganyen shayin da ke ciki ya watse.

Ta ɗago tana kuka. "Alhaji, wanke ganyen ya yi, haka ake yi wa shayin ulong. Wannan Tieguanyin ne, ulong mai tsada, yana ajiye da shi tun 1982 da aka haife ni. Ya rantse ba zai buɗe shi ba sai ga surukin da ya amince da shi."

Tsohon ya miƙa hannu, ya lalubo murfin gwangwanin, ya rufe shi.